Windows 10 ta daina samun kulawa: a sauya, a biya, ko a ci gaba a haka?

Baban Khadija: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya taimaka. Ina da shagon buga takardu a Zariya, kwamfutoci biyar, dukansu Windows 10 ce a kai. Tun kafin 14 ga Oktoban 2025 suke cika min allo da saƙon cewa Microsoft zai daina kula da ita, ranar kuma ta zo ta wuce. Har yanzu komai na aiki yadda ya saba, amma hankalina bai kwanta ba. Biyu na tebur ne, Dell OptiPlex masu Core i5 zubi na 4. Biyu laftof ne, HP EliteBook 840 G3. Ta biyar 840 G5 ce. Kuɗin sauya su gaba ɗaya babu shi a yanzu. Me ya kamata in yi?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, ba abin da zai same su. Haka aka yi ta tsoratar da mutane a 2014 da aka bar XP, aka sake yi a 2020 da aka bar Windows 7. Har gobe ana kawo min Windows 7 gyara, masu su na cin abinci da su. In kuma kana son Windows 11 ɗin, kawo su, da Rufus, manhajar da ake zuba Windows a filash da ita, zan sa maka a duka biyar kafin la'asar.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Mai Gyara, rabin maganarka gaskiya ce. Ranar 14 ga Oktoban 2025 ba ta kashe kwamfutar kowa ba, kuma ba za ta kashe ba. Abin da ya tsaya shi ne toshe kafofi. Duk Talata ta biyu a wata Microsoft na fitar da gyaran ɓarakar da aka gano a Windows. To Windows 10 da 11 ginin ciki kusan ɗaya ne a wurare da yawa. Idan aka fitar da gyara wa 11, masu kutse sukan zauna su kwatanta kafin gyara da bayan gyara, su gane inda ramin yake, sai su je su same shi a buɗe a Windows 10. Wata na farko rami kaɗan ne, bayan shekara biyu sun taru. Kamar gida ne da maigadi ya ajiye aiki: ranar da ya tafi ba a sace komai ba, amma unguwa ta sani.

Baban Khadija, kafin a ce maka yi kaza, faɗa mana aikin da kowace ɗaya take yi. Amsar tana nan, ba a kan lambar Windows ba.

Baban Khadija: Na gode Injiniya. OptiPlex ɗaya ita ce ta CorelDRAW, katin biki, kalanda, fosta, takardar shaida, duk a kanta ake yi, ita ce kuma ke haɗe da babbar firinta. OptiPlex ta biyu taifin kawai, Word da Excel, yawanci furojet ɗin ɗalibai. G3 guda biyu su ne na intanet: duba sakamakon WAEC da NECO, cike fom na neman aiki ko makaranta, buɗe imel ɗin kwastoma a fitar masa da takarda. G5 tawa ce, a kanta nake lissafin shago da shiga banki.

Injiniya: Madalla. To ka ga G5 ba ta cikin matsalar ma. Firosesarta yawanci zubi na 8 ce, daga nan ne Windows 11 ta fara karɓar Intel, a AMD kuma daga Ryzen 2000. Ka sauke PC Health Check, manhajar Microsoft mai duba ko kwamfuta za ta ɗauki 11, ka gwada ta. In ta ce babu TPM 2.0, wato ɓangaren tsaron da 11 ke buƙata, kada ka yarda nan take, sau da yawa yana nan a kashe ne cikin BIOS, saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, kunna shi kawai za a yi. Hawa 11 daga 10 mai lasisi kyauta ne. Ita za ka fara yi, yau ko gobe, tunda a kanta kuɗinka ke bi. Ka kwashe fayilolinka a wani wuri tukuna.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro G3 ɗin nan biyu ne. A kansu mutane ke rubuta kalmar sirrin imel ɗinsu, lambar NIN, wani lokaci har lambar katin banki don biyan kuɗin fom. Wannan amanar mutane ce a hannunka. Su kuma zubi na 6 ne, 11 ba ta karɓarsu a hukumance.

Mai Gyara: "A hukumance" ɗin nan ita ce matsalata da ku, Oga. G3 mai RAM 8 da SSD tana ɗaukar Windows 11 lafiya ƙalau, na sa wa mutane ba adadi. Rufus na tambayarka ko ka cire sharaɗin TPM da Secure Boot, ka danna, shi ke nan. Sabuntawa ta wata-wata kuma tana shigowa, da idona nake gani. To me ya rage? Mutum ya jefar da kwamfuta mai lafiya saboda wani jerin sunayen firosesa?

Injiniya: Ban ce ba ta aiki ba, ƙanena. Tana aiki. Amma ka faɗa wa Alhaji sauran labarin. Microsoft ya rubuta ƙarara cewa kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba, bai ɗauki alkawarin ci gaba da ba ta sabuntawa ba. Na biyu, kowane zubin Windows 11 na Home da Pro wata 24 yake samu. Zubin 23H2 wa'adinsa 11 ga Nuwamban 2025, 24H2 kuma Oktoban 2026. Kwamfutar da ta cika sharaɗi da kanta take hawa sabon zubi. Wadda aka shigar ta bayan fage yawanci ba a miƙo mata, sai an sake ɗaura mata da hannu. In mai ita bai sani ba, zai zauna yana ganin 11 a allo yana jin daɗi, alhali ya koma inda ya baro, babu mai toshe masa kafa. Wannan na fi tsoro, domin mai Windows 10 aƙalla ya san halin da yake ciki.

Mai Gyara: Wannan gaskiya ne, sai an dawo an sake. Amma ai shagona na nan, ba inda za ni.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da muhawara. Ni ina bayan Mai Gyara kaɗan. A ofishin da nake aiki akwai Windows 7 da ke buga rasit tun da daɗewa, ba ta taɓa ba mu ciwon kai ba.

Injiniya: Tana shiga intanet?

Ɗan Maraɗi: A'a, ko waya ba a haɗa mata ba. Firinta kawai.

Injiniya: To shi ya sa. Ka haɗa ta ka gani. Chrome ma ya tsaya a lamba 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023, shafuka da dama yanzu ba sa buɗewa daidai a kanta. Haka abin yake zuwa: da farko Windows ce ke tsayawa, daga baya buroza, daga baya direban sabuwar firinta ya ce bai san ta ba. Windows 10 ba ta kai nan ba tukuna, amma hanyar ke nan.

Ku tuna WannaCry a Mayun 2017, wadda ta kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Birtaniya suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan ramin tun Maris. Mafi yawan waɗanda ta kama Windows 7 ne da ba a sabunta ba. Kuma ba sai mutum ya danna komai ba, daga kwamfuta zuwa kwamfuta take tsallakawa in suna kan layi ɗaya. Shagon Alhaji kuwa duk a kan rauta ɗaya suke, ina zato.

Baban Khadija: Haka ne, duk a MiFi ɗaya suke. To na ji ana maganar wai ana biya a ƙara wa'adi. Yaya wannan yake?

Injiniya: ESU sunansa, wato ƙarin wa'adin gyaran tsaro. Na masu kwamfutar gida shekara ɗaya ne, zuwa 13 ga Oktoban 2026. Hanya uku ce: ka biya dala 30, ko ka ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ka shiga da asusun Microsoft ka bari a ajiye saitunan kwamfutarka a wurinsu, wannan ba a biyan komai. Asusu ɗaya na ɗaukar kwamfuta har 10. Sharaɗi sai ta kasance 22H2 kuma mai lasisi. Ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta winver, za ka ga zubin da kake kai. In komai ya cika, wurin yin rijistar na fitowa a shafin Windows Update.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, wannan tsarin don kwamfutar mutum ta kansa aka yi shi. Na kamfanoni daban ne: dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, yana ninkawa duk shekara, iyakarsa shekara uku. Ka lissafa, 61 da 122 da 244, dala 427 ke nan a kan kwamfuta ɗaya. Da wannan kuɗin ka sayi wadda ke ɗaukar 11 har da canji. ESU ba ya kawo sabon abu ko ɗaya, toshe kafa ne kawai. Lokaci yake saya maka ka shirya.

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, ba wanda ya ambaci Linux, manhajar kyauta da ake sawa a madadin Windows, bari in sa baki. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta a wata makarantar sakandare mai zaman kanta. Namu sun fi na Alhaji tsufa, wasu Core 2 Duo ne, waɗanda ko da Rufus ɗin 24H2 ba ta tashi a kansu saboda akwai umarnin da firosesar ba ta sani ba. Linux Mint muka sa, zubin Xfce mai sauƙin nauyi. Mint 22 na samun sabuntawa har 2029, ba lasisi, ba sisi. Yara 'yan aji ɗaya ba su ma tambayi me ya canza ba, maɓallin farawa na ƙasa ta hagu inda suka saba ganinsa. Allon rubutun Hausa na ciki, ƙ da ɗ da ɓ duk suna fita.

Yaya Baban Khadija, G3 ɗinka biyu aikin buroza suke yi. Chrome da Firefox duk suna kan Mint, shafin WAEC bai damu da wace manhaja ce a ƙasa ba. Ni a ganina su ne suka fi dacewa da wannan.

Mai Gyara: Hajiya, makaranta daban, kasuwa daban. Kwastoma zai zo da furojet mai shafi tamanin da aka yi a Word, ki buɗe a LibreOffice, madadin Word da ke zuwa da Mint, tebur ya goce, lambar shafi ta koma wani wuri, ga shi gobe zai kai wa malaminsa. Wa zai tsaya gyara? CorelDRAW kuma babu shi a Linux kwata-kwata. Kada a ce min Inkscape, madadinsa na kyauta, duk gidan buga fosta a garin nan fayil ɗin Corel suke karɓa.

Maman Ilham: Ai ban ce a taɓa ta Corel ko ta taifin ba, Malam. Na yarda da kai a kan Word, ni ma ina ganin yadda tebur ke gocewa, musamman in babu irin harafin da aka yi rubutun da shi. G3 biyu na ce. Abin da ake fitarwa daga shafukan nan kusan duk PDF ne, shi kuwa ko'ina iri ɗaya yake fita. Kuma ba sai an goge komai ba kafin a gwada. A sa Mint a filash, a tayar da kwamfutar daga filash ɗin, a yi aiki da ita yini guda. In ba ta yi ba a zare, Windows na nan yadda aka bar ta.

Injiniya: Ina tare da Maman Ilham a kan G3. A kan ta Corel kuma ina tare da Ɗan Maraɗi: a bar ta a Windows 10, amma a cire ta daga intanet gaba ɗaya. A zare waya, a goge kalmar sirrin MiFi daga cikinta don kada yaran shago su riƙa kallon bidiyo a kanta. Kwamfutar da ba ta fita waje za ta iya shekaru tana aikinta.

Baban Khadija: To filash fa? Rabin kwastomomina da filash suke zuwa. Kun san bairos ɗin nan da ke mayar da fayiloli su zama gajerun hanyoyi, ka buɗe filash ka ga komai ya koma alama mai ɗan kibiya. Ta nan yake shigo mana, ba ta intanet ba.

Injiniya: Tambaya mai kyau, kuma nan ne wahalar take. Microsoft ya ce Defender, maganin bairos da ke cikin Windows, zai ci gaba da samun sabon jerin bairos a Windows 10 har Oktoban 2028, amma wadda aka cire daga intanet ba za ta samu da kanta ba. Don haka doka za ka kafa a shago: filash ɗin kwastoma ba ya shiga ta Corel. A soka shi a G3 mai Mint, inda wannan bairos ɗin na Windows ba ya tashi, a ɗauki hoton ko rubutun da ake buƙata kaɗai, a zuba a filash ɗin shago, shi ne zai tafi ta Corel. Ka ɗaura masa jan zare ko ka shafa masa fenti don kada a rikita. Wanda zai turo ta WhatsApp ma a G3 za a sauke. Matakin ya ƙaru da ɗaya, na sani, kuma ranar da layi ya yi tsawo yaranka za su so tsallakewa. Nan ne aikinka na mai shago.

Ta taifin ita ma haka, in ba ta buƙatar intanet. Ka kuma sani Office 2016 da 2019 su ma ranar 14 ga Oktoban 2025 aka daina kula da su, mutane da yawa ba su lura ba.

Abu Hanifa: Ni na ji wani na cewa akwai Windows 10 da ake kira LTSC mai kaiwa 2032. Me zai hana a sa ta kowa ya huta?

Injiniya: Akwai ta. IoT Enterprise LTSC 2021 ce ke kaiwa Janairun 2032, Enterprise LTSC 2021 ta yau da kullum kuma Janairun 2027. An yi su ne don na'urori irin na cirar kuɗi da na asibiti da masana'antu, lasisinsu ba a kanti ake sayarwa ba. Wadda za a sa maka a kasuwa kusan tabbas kwafi ne da aka buɗe da wata manhajar da ba ka san wanda ya rubuta ta ba. Ka gudu daga ramin da ba a toshe ba, ka miƙa wa baƙo makullin kwamfutar da hannunka. Ban ba da wannan shawarar ba ga wanda mutane ke shiga imel a wurinsa.

Wani abin da ya kamata a sani: laftof ɗin kamfanoni da ake kawo mana na hannu, HP da Dell da Lenovo, yawancinsu lasisin Windows na asali na cikin allon injinsu. In aka ɗaura zubin da ya dace, Pro a kan mai lasisin Pro, da kanta take karɓa da zarar ta ga intanet. Mutane da yawa na yawo da kwafin bogi a kan kwamfutar da ke da na gaske a cikinta.

Mai Gyara: Wannan kam haka ne. Sau da yawa ina fomatin in ga ta karɓa da kanta.

Ɗalibar Jami'a: Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ina tara kuɗin laftof, an nuna min ThinkPad T470 da T480, bambancin kuɗin da ɗan dama. Mai shagon ya ce duk ɗaya ne, duka Windows 11 ce a kai.

Injiniya: Ba ɗaya ba ne, 'yata. T470 zubi na 6 ko na 7 ce, 11 ɗin da ke kanta ta bayan fage aka shigar. T480 yawanci zubi na 8 ce, amma akwai masu na 7, don haka kada ki tsaya a sunan. Ki buɗe Settings, System, About, ki karanta lambar firosesa. i5-8250U ko i5-8350U, lambar farko 8, ta yi. i5-6300U ko i5-7200U ba su yi ba. In kuɗin bai kai ba gara ki ƙara haƙuri wata ɗaya ko biyu.

Maman Ilham: Kuma wannan zai ƙaru. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi tun ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sauyin. Kamfanonin Turai da Amurka na fitar da zubi na 6 da na 7 daga ofisoshinsu, mun kuma san kasuwar da irin waɗannan kayan ke sauka. Injinan lafiyarsu ƙalau, abin da ke ba ni takaici ke nan. Ban hana kowa saya ba, ni kaina zan saya wa makaranta in sun yi araha, domin Mint zan sa. Amma mai saye ya san abin da yake saya, a kuma rage masa kuɗi daidai da haka.

Mai Gyara: Duk na ji, amma ina nan a kan bakana game da G3. Yaran shagon Alhaji Windows suka iya. Ranar da sikana ta ƙi aiki a Mint, a Zariya mutum nawa zai kira? Windows kuwa kowane lungu akwai mai taɓawa. Ku da kuka iya kuna ganin abu ne mai sauƙi.

Injiniya: Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. In gwajin Mint bai yi ba, 11 ta hanyar Rufus ta fi zama a 10 babu kulawa, da sharaɗin ka rubuta wa Alhaji a takarda zubin da ka sa da ranar da wa'adinsa zai ƙare, a manna a jikin laftof ɗin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar G3 haka nan ana shigar da katin bankin mutane, ana cewa ai tana aiki.

Mai Gyara: Na yarda da takardar. Zan riƙa yi wa kowa ma.

Baban Khadija: Allah ya saka da alheri, na samu abin yi. Yanzu na gwada G5, PC Health Check ya ce ta cika sharaɗi, daren nan zan kwashe fayiloli in bar ta tana saukewa tunda datar dare ta fi sauƙi. G3 ɗaya zan gwada Mint a filash ranar Asabar, ɗayar ta jira sakamako. Abin da ban gane ba shi ne firinta. Ƙaramar da G3 ke bugawa da ita HP LaserJet ce, akwai kuma Canon LBP2900 da nake ajiye da ita don ko ta kwana. Za su yi a Mint?

Maman Ilham: LaserJet ɗin yawanci da ka soka waya Mint ke gane ta, ka buga shafin gwaji tun kana kan filash ka gani. LBP2900 kuwa direbanta na musamman ne, sai an zauna an yi aiki kafin ta yarda, ita ka bar ta a kan OptiPlex ta taifin. Ka gwada sikana ma a ranar, da Wi-Fi, da sauti. Filash ɗin ya kai gig 8, fayil ɗin Mint kusan gig 3 ne. A HP, F9 za ka riƙa dannawa da ka kunna don ta nuna maka inda za ta tashi. Ka turo lambar LaserJet ɗin da ta sikanar yanzu in duba maka kafin Asabar.